Sinancin Ubale Tela

Sati uku kacal Ubale tela ya yi yana aiki da wani kamfanin gina hanya a wajen garin Gumel. Aikinsa riƙe jan ƙyalle, ya tsayar da motoci idan motar yashi za ta juya. Akwai injiniya guda ɗan ƙasar Sin a wurin, kuma maganar da ta taɓa haɗa su ɗaya ce tak: wata safiya mutumin ya zo wucewa, ya ce masa "nihau", wato gaisuwarsu ta Sinanci, sannan ya yi masa nuni da hannu ya kauce daga hanya. A sati na uku Ubale ya ɗaga ƙyallen a lokacin da ya kamata ya sauke, motar yashi ta faɗa gonar waken mutane, aka sallame shi kafin Azahar.

Da ya koma shagonsa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin Sin kafin a auna shi. Sati ukun nan ya zama wata shida, daga baya ya zama shekara biyu. Injiniyan ya zama "aminina Mista Wan", wanda a cewar Ubale ya yi kuka da hawaye ranar da za su rabu.

"Da Sinanci muke hira," in ji shi. "Wani lokaci ma ni nake gyara masa."

Ana nan sai abubuwa biyu suka faru a sati guda. Na farko, mai tura finafinai a waya ya zuba masa wani tsohon fim na faɗan 'yan Sin, irin wanda ba a fassara ba. Akwai wani siririn saurayi mai dafa taliya, da wani oga mai farin mafici wanda 'yan daba ke yi wa fadanci, da wani tsoho mai farar gira da ba ya komai sai shan shayi. Ubale ya kalle shi sau tara a waya, bai tsinci kalma ko ɗaya ba, amma ya haddace inda ake naushi da inda ake kuka. Na biyu, labari ya zo cewa Alhaji Shehu Mai Riɗi na Maigatari yana shirin zuwa Sin da kansa ya gana da masu sayen riɗi, kuma yana neman tafinta.

Ranar Ubale bai ci abincin rana a zaune ba.

"Talatu," ya ce wa matarsa, "ki fara koyon zama ba ni. Zan zaga da fim ɗin nan ƙauye-ƙauye ina fassarawa kai tsaye. Kafin wata ya mutu sunana ya isa kunnen Alhaji Shehu. Daga nan sai jirgi."

Talatu tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Baban Ummi, da wane Sinancin?"

"Da wanda ke cikina."

"To, faɗa mini 'miƙo gishiri' in ji."

"Ba a wasa da harshen mutane a kan gishiri."

"Kuma ina labulen ɗakina?"

Labulen yana jikinsa. Ya ɗinka shi riga mai tsayayyen wuya irin ta saurayin fim, da maɓallai na ƙullin zare, furannin labulen suna nan ɓaro-ɓaro a bayansa. Ita ce ɗinkin ƙarshe da keken ɗinkinsa ya yi masa, don da yamma ya kai shi ya musanyo lasifika da makirfo. Talatu ta dubi rigar, ta dubi lasifikar, ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

An fara a Gumel, a wani gidan kallon ƙwallo, bayan La'asar. Sha'aibu mai keke napep, abokin Ubale tun suna yara, shi ya kawo kaya ya haɗa wayoyi. Ubale ya sa aka rage muryar fim har ta koma kamar kukan sauro, ya kama makirfo.

"Wannan saurayi da kuke gani, sunansa Garba!"

Wani daga baya ya ce, "Ɗan Sin ne Garba?"

"A wajensu a rabe ake faɗa. Gar, Ba. Ka zauna ka ƙaru."

Ba a jima ba aka fara faɗa. 'Yan daba wajen talatin suka kewaye Garba a shagon taliya, ya shiga zubar da su. Ɗakin ya kaure da ihu. Wani mahauci ya miƙe tsaye yana cewa wallahi ba haka ake riƙe wuƙa ba, duk wanda ya riƙe ta haka yatsansa zai fara yankewa. Wani kuma ya tambaya me ya sa 'yan daban suke zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran allurar rigakafi, alhali in sun taru lokaci guda da tuni an gama.

"Doka ce," in ji Ubale. "A Sin ko duka za ka yi sai ka bi layi."

"To, ya na ga bakinsa ya daina motsi amma har yanzu ana jin magana ƙasa-ƙasa?" Wannan na bencin gaba ne, kusa da talabijin.

"Sinanci yana da nauyi. Baki yana gamawa, magana ta biyo baya."

Kowa ya gamsu, sai mutum ɗaya. Baffa Ilu tsohon masinja ne, ya haura saba'in, kuma ya ce ya kalli fim ɗin nan sau huɗu a silima a Kano tun yana saurayi. Da Ubale ya ce tsoho mai farar gira uban Garba ne, matarsa ta gudu ta bar shi shi ya sa yake ta shan shayi, Baffa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ubale, a zamaninmu wannan tsohon malaminsa ne. Kuma bai taɓa aure ba."

"Baffa, ku da Turancin da ake rubutawa a ƙasa kuka kalla. Ni daga tushe nake ɗebowa."

"Tushen me? Yaushe tsohon ya yi aure ban ji ba?"

"Shekara nawa rabonku da fim ɗin?"

"Hamsin."

"To, a shekara hamsin mutum ba zai yi aure ba?"

Aka fashe da dariya, aka tafa wa Ubale. Da aka tashi Baffa ya tare Sha'aibu a bakin ƙofa ya ce duk inda za a je da fim ɗin nan a ajiye masa wuri, yana so ya ga ƙarshen wannan ƙarya da idonsa. Haka aka yi. Bayan kwana biyu suka kama hanyar Ɗanzomo, talabijin ɗin gidan Sha'aibu a ɗaure da igiya, Ubale rungume da lasifika, Baffa da ƙaramin janareto a kan cinyarsa.

A Ɗanzomo an ba su wata rumfa, aka zagaye ta da zana don haske ya ragu. Manoma suka cika ta maƙil. Ubale ya dubi fuskokinsu, ya ga matar tsoho da ta gudu ba za ta dame su ba, sai ya juya labarin. Oga mai mafici ya bayyana yana magana a hankali, hannunsa a kafaɗar Garba.

"Ya ce, 'Ni na matsar da iyakar gonar ubanka! Ni na tuge gambar da ke tsakani ana tsakiyar damina, na dasa ta taku goma cikin taku! Yi abin da za ka yi!'"

Rumfar ta yi tsit. Ubale ya ɗauka daɗin fassara ne. Bai san akwai mutum biyu a wurin, dogo da gajere, da suka shekara uku ana sasanta su a kan gambar iyaka ba.

Dogon ya miƙe. "Kai mai rigar furanni, wa ya aiko ka? Da ni kake?"

Gajeren ya miƙe shi ma, yana murna. "Kun ji ko, jama'a? Har a Sin an san abin da ya yi! Taku goma! Na ce muku goma ne kuka ce bakwai!"

"Malam, fim ne," in ji Ubale.

"Fim ɗin ne ya san gamba? Akwai gamba a Sin?"

"Akwai mana. Tasu ma ta fi tsawo."

Wannan amsa ba ta taimaka ba. Dangin dogo suka tashi, dangin gajere suka tashi. Cikin ƙiftawar ido faɗan rumfa ya fi na talabijin armashi, kuma su ba su bi layi ba. Zana ta faɗi, benci ya kife. Sha'aibu ya sungumi talabijin, Baffa ya ja janareto yana salati, Ubale ya fita ta ƙarƙashin zana da takalmi ɗaya. Sai da suka yi nisa sannan ya sami numfashin magana.

"Kun ga ƙarfin fassara? Har cikin jininsu ta shiga."

"Ina takalminka?" in ji Sha'aibu.

"Na bar musu na tarihi."

Sha'aibu ya so ya janye, amma Ubale ya yi masa alkawarin sabon keke daga Sin, mai ƙofa da gilashi. Saboda haka ranar Litinin suna Gagarawa Tasha, a wani shago da babu kowa kusa da mai shayi. Yawancin 'yan kallo direbobi ne da masu lodi, don haka rigimar fim ta koma ta shugabancin tasha: oga mai mafici ya murɗe zaɓe, ya hana saurayi lodi.

"Shi kuwa Habu ya rantse sai ya yi lodi ko a mutu!" in ji Ubale, yana nuna saurayin.

Wani direba ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ina Ɗanzomo ranar da aka yi faɗa. Garba ne sunansa, kuma gona ake rigima a kai."

"Suna biyu gare shi, saboda 'yan sanda."

"Gonar fa?"

"Ya sayar ya sayi mota."

"Cikin kwana uku?"

"Kai ba ka san Sin ba. Can komai da sauri ake yi."

Baffa Ilu ya ce daga inda yake zaune, "Ka tambaye shi matar tsohon, ko ta dawo."

Kafin Ubale ya amsa, fim ya kai inda kowa ke jira. Saurayin ya hau rufin wani gida, oga ya naɗe maficinsa, suka tsaya suna kallon juna. Mutane suka miƙe tsaye. Daidai lokacin da saurayin ya daka tsalle, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare.

Ihu ya tashi. Wasu na cewa a kunna, wasu na cewa dama damfara ce. Ubale ya ɗaga hannu biyu.

"Ku kwantar da hankali! Abin da ya rage a kaina yake. Mista Wan ya koya mini shi hannu da hannu. Ku ba ni fili."

Aka fito waje aka yi da'ira. Ubale ya hau bencin mai shayi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya buɗe hannuwa kamar shamuwa tana shanya fuka-fuki. Wata mai awara ta ce wa maƙwabciyarta ita dai labulen ya burge ta, da ma a taga yake. Ubale ya yi wata ƙara mai tsawo, ya daka tsalle, ya wurga ƙafa sama. Wandonsa ya ce ɓarrr tun daga gaba har baya. Bencin ya ɗaga ta ɗaya gefen, shi kuma ya sauka zaune a cikin kwandon ƙwan mai shayi.

Ɓawon ƙwai ya yi ta ƙara a ƙarƙashinsa.

"Haka fim ɗin ya ƙare?" in ji direban.

"Kusan haka," in ji Ubale.

Mai shayi ya riƙe makirfo ya ce ba inda za shi sai Ubale ya wanke masa kofuna da tukwane kaf ya share wurin. Ubale ya yi wankin da zanin mai awara ɗaure a ƙugunsa, yana bayyana wa masu wucewa cewa a Sin babban gwani shi ke wanke kwanuka, don ƙanƙan da kai.

Abin mamaki, labari ya isa Maigatari, sai dai ya canja kamanni a hanya. Abin da ya shiga kunnen Alhaji Shehu shi ne akwai wani mutumin Gumel da Sinancinsa ya tayar da gari guda, kuma yana tashi sama. Ranar Laraba aka bugo waya: Alhaji yana so a nuna fim ɗin a sitonsa gobe Alhamis, ranar kasuwa, ya ji da kunnensa.

Ubale ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai. "Talatu, me kike so daga Sin?"

"Labule," in ji ta.

Ranar Alhamis an kwashe buhunan riɗi gefe guda, aka shimfiɗa tabarmi. Kasuwa ta cika, sito ma ya cika: dillalan shanu, masu raƙuma, 'yan kabu-kabu masu ɗauko mutane a babur daga tsallaken iyaka. Alhaji Shehu yana kan kujera a tsakiya, babban mutum mai magana a hankali. A tabarmar gaba akwai wani siririn dattijo da tabarau da biro biyu a aljihu. Mushe Dalhatu ke nan, kamar yadda ake kiran malamin boko a ƙasarsu, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dungas ta Nijar. Ya zo sayar da akuya ne, ya ji ana kallo kyauta ya shigo.

Ubale ya gyara wuyan rigarsa, ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya ƙara da "nihau".

"Madalla," in ji Alhaji. "Amma Malam Ubale, yadda za mu yi a can nake so mu gwada. A ɗaga muryar fim. Su faɗa, mu ji, sannan kai ka faɗa."

"Ranka ya daɗe, ai hakan ya fi mini sauƙi."

Da gaske yake. A ransa babu mai jin Sinanci daga nan har Damagaram. Sha'aibu ya murɗa murya har ƙarshe, aka kai fim inda oga mai mafici ya dafa kafaɗar saurayi. Muryar oga ta cika sito, tattausa.

"Bonjur, mon feti furer."

Ubale ya cika ƙirji. "Ya ce, 'Yau sai na sha jininka!'"

'Yan kabu-kabu suka kwashe da dariya daga baya. Ubale ya yi musu murmushi, ya ɗauka yabo ne. Oga ya miƙa wa saurayin kofin shayi, saurayin ya karɓa ya ce, "Mersi boku."

"Shi kuma ya ce, 'Ƙarya kake, la'ananne!'"

Wannan karon har da masu raƙuma. Wani ya kwanta a kan buhu yana riƙe ciki. Mushe Dalhatu ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kamar ɗalibi mai neman izini.

"Gafara dai, Malam. Cewa ya yi ya gode ƙwarai. Na farkon kuma cewa ya yi, 'Barka da rana, ƙanena.'"

Ubale ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ma ka zauna a Sin ne?"

"A'a. A Dungas."

"To, me ya haɗa Dungas da Sinanci?"

"Babu. Amma wannan Faransanci ne. An ɗora musu murya ne, kamar yadda ake yi wa finafinan da ke zuwa mana."

Sito ya ɗauki hayaniya. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo ya dubi Ubale. Gumi ya fara bin furannin labule.

"Ranka ya daɗe, Sinanci kala-kala ne. Wannan na arewacin Sin ne. Suna da iyaka da Faransa, kamar mu da Nijar. Dole a yi aron kalmomi."

Mushe ya cire tabarau ya goge. "Ba su da iyaka. Na koyar da taswira shekara talatin."

"Tsohuwar taswira."

"Malam, ƙasa ba ta tafiya."

"Ta Sin tana yi. Ka je ka gani."

Alhaji ya ce a mayar da fim baya, Mushe ya fassara, a ji. Mushe ya miƙe, ya haɗa hannuwa a baya, ya fara da murya irin ta aji, ba hawa ba sauka. Oga da saurayi wa da ƙane ne. Tsoho mai farar gira malaminsu ne, shi ya koya musu faɗa tun suna yara, kuma bai taɓa aure ba.

Baffa Ilu ya miƙe da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. "Allahu Akbar! Kun ji? Bai taɓa aure ba! Gari uku ana yi wa bawan Allah nan sharri!"

"Gonar fa?" in ji wani.

"Babu gona," in ji Mushe.

"Tasha fa?"

"Babu tasha. Rigimar ita ce, wan yana shigo da kaya ta bakin teku ba tare da sun bi ta ƙofar hukuma ba. Ga shi nan yana cewa, 'Ƙanena, buhu ɗari za su tsallako jibi ta bayan gari, ka kawar da kai.' Ƙanen kuma ya ce zai kai ƙara."

Wasu dillalai suka shiga duban rufi. Wani ɗan kabu-kabu ya tuna ana jiransa a waje. Can wani mai babbar riga ya yi gyaran murya.

"To, shi ƙanen me ya yi zafi? Ɗan'uwanka yana neman abincinsa."

"Wallahi," in ji wani. "Tun da ya shigo na ga yaron nan ba shi da tarbiyya."

"Dubi yadda ya karɓi shayin ma, da hannun hagu."

Kafin a ankara rabin sito ya koma bayan oga mai mafici. Da aka zo inda saurayin ke dukan 'yan daba, ba wanda ya tafa, sai tsaki. Alhaji ya yi tari ya ce wa Sha'aibu ya wuce wannan wajen, ko ma ya kashe gaba ɗaya, an gane.

Ubale ya ga hankali ya bar kansa, ya fara matsawa wajen ƙofa da baya da baya. Alhaji ya kira shi.

"Malam Ubale, kada mu zalunce ka. Wataƙila fim ne ya ruɗe ka." Ya ciro waya. "Akwai wani ɗan Sin da ke karɓar riɗina a Kano. Ga shi, ku gaisa."

Ya danna, ya buɗe murya kowa na ji, ya miƙa. Ubale ya karɓa da hannu biyu.

"Nihau," ya ce.

Murya ta amso da fara'a, ta zubo magana mai tsawo, da sauri, ta ƙare da alamar tambaya. Sito gaba ɗaya ya zuba wa Ubale ido.

"Nihau," ya sake cewa.

Muryar ta sake tambaya, a hankali wannan karon.

Ubale ya ƙanƙame wayar. Ya duba cikinsa kaf, ya ɗauko abin da ya rage. "Gar. Ba."

Sannan mutumin ya ce da Hausa tsantsa, har da karin Kano, "Alhaji, wai wane ne wannan? Ko ba shi da lafiya ne?"

Dariyar da aka yi, har masu awon hatsi a waje sai da suka leƙo. Alhaji ya karɓi wayarsa yana share hawaye da hannun riga. Ya sa aka kawo wa Ubale ruwa da ƙullin riɗi na tsaraba, ya ce ya gaida mutanen Gumel. A bakin ƙofa Mushe Dalhatu ya tsayar da shi, ya ce cikin ladabi, in ban da ma'ana, muryarsa tana da kyau. Daga sito har inda aka ajiye keke, 'yan kabu-kabu na binsa suna ɗaga masa hannu: "Mersi boku, la'ananne!"

Sun fita Maigatari rana ta karkata. Baffa Ilu yana ta murmushi shi kaɗai, janareto a cinya. Sha'aibu ya ƙura wa hanya ido. Ubale ya sunkuyar da kai a kan lasifika, har Sha'aibu ya fara jin tausayinsa, yana neman abin da zai faɗa.

Sun kusa rabin hanya sai Ubale ya ɗago.

"Sha'aibu, a duk Gumel akwai mai koyar da Faransanci?"

"Ban sani ba. Me ya faru?"

"Gobe ka samo mini allo da alli. Benci uku sun isa a fara."

Sha'aibu ya taka birki har talabijin ya yi gaba. "Ubale! Ka ji tsoron Allah!"

"Kai ba ka ji abin da Mushe ya faɗa ba? A gaban Alhaji, a gaban kasuwa guda. Malamin da ya shekara talatin yana koyarwa ya shaida da bakinsa." Ya gyara wuyan riga, ya jingina. "Gari huɗu na zaga ina fassara Faransanci. Faɗa mini wanda ya taɓa yin haka a Gumel."

Baffa Ilu ya ajiye janareto a hankali, ya sauko, ya ce su yi gaba, shi zai ƙarasa a ƙafa.